Inna ta ce abokiyar zamana ce ta turo ƙwaro ɗakina

Saƙon murya ne ya zo mini daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na yankin Birnin Kudu, jihar Jigawa, ta wayar ƙanenta, haɗe da hoto. Na taƙaita shi, na sakaya sunaye.

"Assalamu alaikum Anti. Mu biyu ne a wurin maigida, ni ce uwargida, kuma muna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa, Inna. Wani dare ana tsaka da marka, na shiga ɗaki bayan isha sai na tarar da wani ƙaton ƙwaro mai fukafukai manne a jikin gidan sauron ɗana. Tun da nake ban taɓa ganin irinsa ba. Ya kai tafin hannuna, a doronsa akwai zanen ƙoƙon kan mutum sak, har da ramukan idanu. Ƙanen maigida ya taɓa shi da kara, sai ya yi ƙara cii-cii kamar ɓera. Muka watse. Shi ne ya ɗauki hotonsa kafin Inna ta sa a kashe shi a ƙone. Kwana biyu tsakani yaron, ɗan shekara biyu da rabi, ya kwanta da zazzaɓi. Inna ta ce ture ne, kuma ba kowa ba ce illa amarya, don ranar girkinta ne abin ya zo, ga shi ba ta haihu ba tun da aka kawo ta. Ta ce ba ciwon asibiti ba ne, in aka yi masa allura ma sai abin ya ƙaru. Muna ba shi rubutu da farasitamol na kemis, ana yi masa hayaƙi. Da safe jikin ya yi sanyi, da yamma ya dawo rau. An ce in sayar da akuyata a kai wa wani mai magani kuɗin, ya mayar da abin kan mai shi. Maigida ya yi gum, amyoyinsa da lambunsa kawai ya sa a gaba. Ni kuma na daina cin abincin amarya, na hana ta ɗaukar yaron. Da lafiya lau muke zaune, yanzu ko kallonta na yi sai gabana ya faɗi. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Abin da na faɗa miki ta waya ranar da saƙonki ya iso shi zan maimaita a nan saboda masu karatu: ki goya yaron nan ki kai shi asibiti yau. Ɗan shekara biyu da rabi, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, tsakiyar damina, a Jigawa. Duk ma'aikacin lafiyar da ya ji haka, zazzaɓin cizon sauro zai fara nema. Ban ce lallai shi ne ba, don ba a gane ciwo ta waya. Gwaji ne zai raba gardama, kuma ba shi da wuya: a soki yatsa, a ɗiga jini a ɗan farin abin gwajin, cikin minti 15 zuwa 20 an san inda aka dosa. Ko a asibitin sha-ka-tafi ana yi. In shi ne, maganin da aka fi bayarwa na kwana 3 ne, safe da yamma, a bi shi da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, kuma a shanye shi tas ko da yaro ya miƙe yana wasa a rana ta biyu. In kuma gwajin bai nuna komai ba, kada a ce ai ga shi nan, ture ne. Cututtukan da ke sa yaro zazzaɓi suna da yawa, sai ma'aikacin ya ci gaba da dubawa.

Farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, ƙwayar cutar tana nan tana cin jinin yaro. Hayaƙi a rufaffen ɗaki kuwa ƙara masa wahalar numfashi zai yi, a daina. Idan kika ga ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya ƙi shan komai, ko ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, to ko tsakar dare ne a tashi mai babur.

Ga wani lissafi ki yi da kanki. Daga ranar da sauro mai ɗauke da cutar ya ciji mutum zuwa ranar da zazzaɓi zai fito fili, ba ya gaza mako guda, galibi ma kwana 10 zuwa 15 ne. Ke kuma kin ce kwana biyu ne tsakanin zuwan ƙwaron da kwanciyar yaron. Ke nan in gwaji ya nuna maleriya, cutar ta daɗe da shiga jikinsa kafin baƙon naki ya leƙo ɗakin. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wanda ya kamata a tuhuma ɗan mitsitsi ne, mai yiwuwa ya cije shi a tabarmar tsakar gida bayan magariba, ko ta wata huda a gidan sauron da ba ki lura da ita ba. Ki ɗaga shi a haske ki duba. Sannan maganin rigakafin nan da ake bi gida-gida ana bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata, daga wajen Yuli zuwa Oktoba, yana samu? Na ranar farko a gaban ma'aikata ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannun uwa ake barinsa, kuma a nan ne yawancinmu muke sakaci.

To, ga ƙwaron. Na buɗe hoton na ƙara masa girma, na daɗe ina kallo, kuma ban ga laifinki ba da kika firgita. Fukafukan sama duhu ne, baƙi-baƙi da ruwan ƙasa sun cakuɗu, irin launin da in ya lafe a jikin itace sai ki wuce ba ki gan shi ba. Da yake an tsokane shi ya ɗan buɗe su, na ƙasa sun leƙo, rawaya da ratsin baƙi. Cikinsa ya kai kaurin babban yatsa, shi ma rawaya da baƙi zobe-zobe. Sai wannan tambari a doronsa, bayan kai kaɗan: fili mai haske, ɗigo biyu masu duhu a inda idanu za su zauna, ƙasa kuma wani abu mai kama da muƙamuƙi. A hasken dare, ga ɗa a kwance, ko ni ce sai na yi salati.

Amma na san shi. Dangin faɗa-wuta ne, 'yan uwan malam-buɗe-littafi masu yawon dare, sai dai shi yana cikin manyansu, don in ya ware fukafukai yakan kai santimita 12 zuwa 13. Masana suna ce masa Acherontia atropos, kuma tun 1758 yake rubuce a littattafansu. Ɗan ƙasa ne, Afirka ce gidansa. Wannan zanen da ya tayar muku da hankali, kowane ɗaya a jinsinsu da shi yake fitowa, na Birnin Kudu da na Masar da na Kenya, mace da namiji. Ɗan gashin doronsa ne ya sha bamban a launi, idonmu kuma ya saba, da ya ga ɗigo biyu da baki a ƙasa sai ya haɗa fuska. Ba wanda ya zauna ya zana wa naki.

Ƙarar ma tasa ce ta gado. Iska yake zuƙa ya fesar da sauri ta maƙogwaronsa, wani ɗan leɓe a ciki yana karkarwa, sai ki ji cii-cii. Yana yin haka in an taɓa shi, don ya razana mai son cinye shi. Ga shi kuwa ta yi aiki, tunda gida guda kuka watse. Bayan wannan ba shi da wani makami. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba shi da dafi. Ƙafafunsa suna da 'yan ƙayoyi da za su iya ɗan sosa fata in an damƙe shi, ƙurar fiffikensa kuma a wanke hannu kawai, kada a murza ido da ita.

Me ya kawo shi gidanku? Ke da kanki kika ba ni amsa, a wucewa, da kika ce maigida amyoyinsa da lambunsa ya sa a gaba. Wannan ƙwaro ɓarawon zuma ne. Yawancin danginsa dogon baki gare su, siriri, suna zura shi cikin fure. Shi nasa gajere ne mai ƙarfi, wanda zai iya huda saƙar zuma. Da dare yake zuwa bakin amya ya kutsa ciki, jikinsa yana fitar da wari irin na ƙudan zuman kansu, har su kasa gane baƙo ne. Fatarsa tana da kauri, kuma yana da juriyar dafinsu. Ya sha ya ƙoshi ya fito. Wani lokaci dubu takan cika, su kashe shi a ciki, sai mai ɗiban zuma ya tarar da busasshen gangar jikinsa an shafe shi da danƙo. Ba mamaki a cikin tsofaffin masu ɗaura amya na garinku a samu wanda ya taɓa cin karo da haka.

Lambun kuma wurin haihuwarsa ne. Macen tana ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a ganyen gauta, tumatir, dankalin Turawa, har da zaƙamin da ke fitowa a juji. Tsutsar da ke ƙyanƙyashewa ƙatuwa ce, tana wuce tsawon yatsa nesa, rawaya ko koriya da ratsi a karkace, wata kuma ruwan ƙasa, da ɗan lanƙwasasshen ƙaho a wutsiya. In ta ƙoshi sai ta sauka ta tona ƙasa ta yi ɗaki, bayan wasu makonni ta fito da fukafukai. Wato mai yiwuwa abin da Inna ta ce daga wurin boka aka turo, a ƙarƙashin gautan ɗanta ya girma.

Shigarsa ɗakinki kuwa, a hoton ma ina ganin dalili: ƙwan sola ne a kunne, fari tas, ga farin gidan sauro yana ɗaukar ido. Ƙwarin dare sun saba juya bayansu ga inda haske ya fi yawa, don a daji sama ce ta fi haske, da haka suke gane sama da ƙasa. Da suka zo kusa da fitila sai lissafin ya rikice, su yi ta kewaya ta har su gaji su manne a abin da ke kusa. Ɗakin da ya fi haske a gidan shi zai yi baƙo, ko na wa ne.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne ya taɓa ruɗawa. Wasu daga cikinsu sukan tsallaka teku su shiga Turai a lokacin zafi, har Ingila, kuma Turawa sun daɗe suna camfa shi, suna cewa ɗan aiken mutuwa ne da annoba. Masu bincike ne a 2022 suka ba da rahoton yadda suka liƙa wa wasu irin ƙwaron nan ƙaramar na'ura a Jamus, suka bi su da ƙaramin jirgin sama cikin dare, suka ga suna miƙe hanya ɗaya ɗoɗar, iska ba ta kautar da su, har wajen kilomita 80. Ni abin ma sha'awa yake ba ni. Na so a ce ba a ƙone naku ba, amma ya wuce.

Batun ranar girki, ƙanwata, ki tsaya ki duba. A gidan mata biyu rabin kwanakin shekara na amarya ne. Duk abin da zai faru a gidan, daɗi ko wuya, in bai faɗa ranarki ba ranarta zai faɗa. Da a ranar girkinki ya zo, cewa za a yi ta zaɓi ranar ne don maigida yana ɗakinki. Zargin da ko ta ina aka juya shi sai ya kama mutum, wannan ba hujja ce ta haife shi ba, dama can akwai shi a zuci, dalili yake jira.

Ni ba malama ba ce, kuma ban ce babu sihiri a duniya ba. Amma abin da kowa ya ji a islamiyya ya isa. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kore camfi, har ya ambaci mujiya, wadda Larabawa suke ɗauka alamar mutuwa ce, mu ma nan in ta yi kuka a kan ɗaki sai a kama zulumi. In mujiya ba ta kawo mutuwa, ina ga faɗa-wuta? A Suratul Hujurat an umarce mu da nisantar yawan zato. A Muslim kuma ya zo cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Sannan ki saurari abin da aka ce mai maganin zai yi: ya mayar da abin kan mai shi. Wato a biya shi ya cutar da amarya. Abin da ake zarginta da shi ba tare da shaida ba, shi ake so ke ki aikata da kuɗin akuyarki, da saninki. Ki kai wa limaminku wannan magana ki ji abin da zai ce. Addu'a da tofi kuwa ki ci gaba, ki karanta masa Falaƙi da Nasi safe da yamma, ba su hana zuwa asibiti.

Yanzu zan faɗa miki wadda ba za ta yi miki daɗi ba. Bayan ɗanki, wadda ta fi kowa shiga haɗari a gidan nan amarya ce, kuma da hannunki a ciki. Inna ce ta furta, amma ke kika buga tambari ranar da kika ture kwanonta kika janye yaron daga hannunta. Duk gidan sun gani, maƙwabta sun ji. Kin fi ni sanin abin da ke biyo baya a ƙauye in aka laƙaba wa mace asiri ko maita: ta je rijiya mata su yi shiru, ta shiga gidan suna a ɗauke jariri, yara su riƙa gudunta, ƙannenta mata su rasa manema. Ko an sake ta, sunan zai riga ta isa garinsu. Magana zarar bunu ce. Kuma ki sani dokar ƙasa ta hana jifan mutum da maita, in danginta suka kai ƙara ana iya ɗaure mutum a kai.

Rashin haihuwarta da aka kafa hujja da shi, ciwonta ne da take kwana da shi take tashi da shi. Mace ce da ba ta da nata, ta rungumi naki, kika ce da bakinki lafiya lau kuke zaune. Ki tuna wa yake riƙe miki shi in kina daka, wa yake goya shi in kin tafi unguwa. Yau yana kwance, an hana ta ko taɓa goshinsa.

Gyaran a hannunki yake, don ke ce uwar yaron, in kika ce ba ki yarda ba zancen ya mutu. Ki ce ta raka ki asibiti, ta riƙe miki jaka, ta ga sakamakon da idonta. In kun dawo, ranar girkinta ki zauna a tsakar gida ki ci tuwonta kowa yana gani, ki miƙa mata yaron ta ba shi magani. Sai ki same ta a ɗaki ku biyu ki ce: "'Yar uwa, tsoro ne ya rufe mini ido, na zalunce ki, ki yafe mini don Allah." Kada ki kawo sunan Inna a ciki, kada ki tsaya kare kanki. In ta yi kuka ko ta ƙi kula ki a ranar, ki ba ta lokaci, tana da gaskiya.

Inna kuwa a bi ta a hankali. Tsohuwar da ta yi rayuwa a ƙauye, da wuya a ce ba ta taɓa binne ɗa ko jika a irin wannan watan ba, kuma tsoron maimaituwar haka ne yake magana da bakinta. Kada ki ce mata camfi take yi, kin rufe ƙofa ke nan. Ki durƙusa ki ce: "Inna, ki ci gaba da yi masa addu'a, bakinki muke nema. Mu kuma bari mu je a duba jininsa, a haɗa biyu." In an samu takardar gwaji, ɗanta ne zai nuna mata, ba ke ba.

Shi maigida shirunsa ba adalci ba ne, gudun ɓacin ran uwa ne, kuma matarsa da ɗansa ne suke biyan kuɗin. Ki same shi a keɓe, ba a gaban Inna ba, ki ce: "Malam, izininka nake nema da kuɗin babur, yaron nan asibiti za mu." In hankali ya kwanta, ki nuna masa amsar nan, ki roƙe shi ya tara ku ya faɗa da bakinsa cewa ba ya son ya sake jin an ambaci matarsa da ture. In ya kasa, akwai wansa, akwai kawunsa, akwai liman da mai unguwa, wannan duk a bi shi sannu a hankali. Na yaron ne kawai ba ya jiran zaman sulhu. Akuyarki ki bar ta ta haihu. In ma dole ta sa a sayar, to a kuɗin mota da magani da sabon gidan sauro za ta tafi.

Zai iya sake zuwa, shi ko ɗan'uwansa, tunda ga zuma ga gauta. In ya zo, a kifa masa ƙwarya, a zura faifai ta ƙasa, a fita da shi bayan danga a sake shi, a kashe ƙwan ɗakin na ɗan lokaci. Labule a ƙofa ma yana rage su. Ki gaya wa maigida ya ƙuntata bakin amyoyinsa, ya bar 'yan hudojin da ƙudan zuma za su wuce amma mai kaurin yatsa ba zai shiga ba. In kuma ya ga ƙatuwar tsutsar a ganyen gauta, ba sai ya sayi maganin feshi ba, ɗai-ɗai suke, da hannu ake tsince su.